Shukar kabewa a makare a ƙasashen sanyi: yadda ake lissafin kwanaki kafin raɓar ƙanƙara ta sauka

Da yawa daga cikinmu mazauna Sabo, Agege, Idi-Araba da sauran zangunan Kudu muna da 'ya'ya ko ƙanne da karatu ko neman abinci ya kai su Amurka, Kanada ko Ingila. In mutum ya kwana biyu a can, ya samu ɗan fili a bayan gida, abin da ya fara faɗo masa shi ne ya shuka abin miya. Kabewa kuwa tana sahun gaba, saboda kewar miyar taushe. Ni ma haka ta faru da ni a arewacin jihar Ilinoi ta Amurka, ba nisa da Shikago, kuma shekarar farko asara na tafka. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya, ko wani zai tsira daga irin kuskurena.

Wani ɗan fili aka ba ni a lambun unguwa, amma bai zo hannuna ba sai tsakiyar Yuli. Ranar 20 ga Yuli na zuba iri. Rana na dukan ƙasa, ana zufa kamar a Legas, na ce ai lokaci na nan. Kabewa ta tsiro, ta yi yaɗo, ganye shar, har maƙwabta na tsayawa kallo. A mako na biyu na Oktoba, wata safiya na je na tarar da ganyen duk ya yi baƙi ya kwanta, kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa. 'Ya'yan kuwa manya ne, amma kore shar, ɗanyu. Wata tsohuwa mai fili kusa da nawa ta karɓi fakitin irin ta duba, ta nuna min lamba 110 da aka rubuta a baya. Ta ce in ƙirga da kaina. Na ƙirga: kwana 110 daga 20 ga Yuli ya faɗa ranar 7 ga Nuwamba. Ashe tun ranar da na yi shukar, an riga an gama magana.

Darasin ɗaya ne. A ƙasar sanyi, in za ka shuka kabewa a makare, ba daga ranar shuka ake fara ƙirga ba. Daga ranar da sanyi zai kashe ta ake farawa, a dawo baya.

Mece ce raɓar ƙanƙara?

Ba dusar ƙanƙara ba ce, wadda ke zubowa daga sama. Wannan raɓa ce da ke daskarewa a kan ganye da ciyawa cikin dare, in sanyin saman ƙasa ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, wato 32 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke amfani da shi. Turawa na ce mata furos. Da safe za ka ga ciyawa ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Ruwan da ke cikin ganyen ne ke daskarewa ya fasa ƙwayoyinsa, rana na fitowa sai ganyen ya yi laushi ya mutu.

Kabewa 'yar ƙasar zafi ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma an samu shaidar nomanta a Meziko tun kusan shekara 10,000 da suka wuce. Ba kamar kabeji ko karas take ba, da ke jure ɗan sanyi. Dare ɗaya ya isa ya kashe ganyenta. 'Ya'yan da suka ƙosa sukan tsira daga raɓa mai sauƙi, amma in sanyi ya kai digiri 2 ƙasa da sifili, wato 28 a Faranhait, har su ma sun taɓu, kuma ba za su ajiyu ba. Wani abin da mutane ba su cika sani ba, ko ba a kai ga daskarewa ba, in kabewa ta daɗe tana kwana a sanyin da bai kai digiri 10 ba, yana rage mata ƙarko, ta riƙa ruɓewa da wuri bayan an girbe.

Ranar da za ka fara nema

Kowane gari yana da ranar da aka saba ganin raɓar farko a kaka. A Amurka, hukumar NOAA ce ke tara bayanan yanayi, tana fitar da matsakaicin lissafi na shekara 30, wanda ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne. Ofisoshin malaman gona na jami'o'in jihohi suna wallafa ranar ga kowane yanki, kuma da lambar akwatin gidan waya ta unguwarku za ka same ta a intanet. A yankinmu na arewacin Ilinoi wajen tsakiyar Oktoba ne. Arewa da mu, irin su Minesota, takan riga haka sauka. A kudu, irin su Atlanta, sai an shiga Nuwamba.

A kula da abu biyu. Na farko, wannan rana matsakaiciya ce. Ma'ana, a kusan rabin shekarun, raɓar ta riga wannan rana sauka. Don haka kar ka ɗauke ta alkawari. Na biyu, ko a gari ɗaya akwai bambanci. Iska mai sanyi ta fi nauyi, gangarawa take yi ta taru a kwari, shi ya sa lambun da ke gangare ke riga na kan tudu ƙonewa. Tsakiyar birni da bakin babban ruwa, kamar tafkin Mishigan, sukan jinkirta, bayan gari kuma ya riga su. In akwai tsoho mai lambu a unguwarku, tambaye shi. Abin da ya gani da idonsa shekara da shekaru ya fi taswira sanin lungunku.

Lambar da ke bayan fakiti

Kowane fakitin iri yana ɗauke da adadin kwanakin da kabewar ke bukata daga shuka zuwa nuna. Galibi tsakanin kwana 90 ne zuwa 120. Ƙa'idar da ba ta cika saɓawa ba ita ce, gwargwadon girman kabewa, gwargwadon daɗewarta.

Ƙanana na ado, irin su Jack Be Little, wajen kwana 90 zuwa 95.
Matsakaita na ci, irin su Small Sugar, wajen kwana 100.
Manya na sassaƙawa, irin su Howden da Connecticut Field, kwana 110 zuwa 120.
Ƙattai na gasa, irin su Atlantic Giant, kwana 120 ko fiye. Wannan kam mai shuka a makare ya manta da ita.

Kamfanoni sukan ɗan bambanta a lambar, don haka ka bi ta fakitin da ke hannunka. To amma ga inda mutane ke faɗawa rami: wannan lamba an auna ta ne a kan shukar da ta samu doguwar rana da zafi. Can ba kamar gida ba ne, inda dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Daga wajen 21 ga Yuni rana ke fara gajarcewa, zuwa 22 ko 23 ga Satumba dare da rana sun yi kunnen doki, daga nan dare ya fi tsawo. Ga kuma sanyin dare. Kwana ɗaya a ƙarshen Satumba ba ya yi wa kabewa aikin da kwana ɗaya a Yuli ke yi. Saboda haka masu lambu ke ƙara mako biyu a kan lambar fakiti.

Ga lissafin

Ɗauki kalanda. Sa alama a ranar raɓar farko ta garinku. Haɗa kwanakin fakiti da 14. Sai ka ƙirga baya. Inda ka tsaya, nan ce ranar ƙarshe ta zuba iri. Bari mu gwada da 15 ga Oktoba:

Mai kwana 120, da ƙarin 14 ya zama 134: ranar ƙarshe 3 ga Yuni.
Mai kwana 110, ya zama 124: 13 ga Yuni.
Mai kwana 100, ya zama 114: 23 ga Yuni.
Mai kwana 90, ya zama 104: 3 ga Yuli.

Kun ga ke nan, ni da na shuka mai kwana 110 ranar 20 ga Yuli, na makara da mako biyar cur. Ko mai kwana 90 na shuka a ranar, caca ce. Abin da ya kamace ni a wancan lokaci shi ne in haƙura da kabewa, in shuka abin da ke yi cikin wata biyu, kamar alayyafo, kokwamba ko ɗanyen wake. Wannan ma yana cikin amfanin lissafin: yana gaya maka lokacin da za ka haƙura, ka huta da asarar iri da taki da ruwa da wahalar wata uku.

Wanda garinsa raɓa ba ta sauka sai tsakiyar Nuwamba, sai ya matsar da duk ranakun nan gaba da wata ɗaya. A Ingila kuwa, ko da raɓar ta jinkirta, zafin bazararsu ba shi da ƙarfi, don haka akan reni iri a cikin ɗaki tun Afrilu, ko a shuka a waje ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Wuce nan sai sa'a. 'Yan uwa da ke Afirka ta Kudu ko Ostireliya, naku a juye yake, sanyinku wajen Mayu da Yuni yake shigowa, amma hanyar ƙirgar ba ta canja ba.

Me ya sa wasu ke jinkirta shuka da gangan?

Ba kowane mai shukar makara ne ya makara ba. A Amurka kasuwar kabewa ta Oktoba ce, saboda bikinsu na Halowin ranar 31 ga Oktoba, da suke sassaƙa ta su ajiye a ƙofar gida, sai kuma bikin Godiya a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, da ake yin wani gashin fulawa mai zaƙi da ita. Jihar Ilinoi ce kan gaba wajen nomanta, kuma a garin Morton kamfanin Libby's ke da masana'antar da ke zuba ta a gwangwani. Manomin da ya yi gaggawar shuka, kabewarsa za ta nuna tun Agusta, ta zauna a gona cikin zafi da damshi ta lalace kafin kasuwa ta buɗe. Don haka a jihohin arewa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni ake shuka, a can kudu kuwa har farkon Yuli.

Akwai kuma wata riba. Ƙasa ta riga ta yi ɗumi. Irin kabewa ba ya son ƙasa mai sanyi, ruɓewa yake yi. In ƙasa ta kai digiri 21 ko fiye, cikin mako guda ya tsiro. Sannan akwai wata tsutsa mai huda karan kabewa ta cinye cikinsa, uwarta wani malam-buɗe-littafi ne da ke zuba ƙwai a ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. A jihohin arewa, inda sau ɗaya take zuwa a shekara, shukar farkon Yuli takan kauce mata. Sai dai shukar makara ita ke haɗuwa da farar cutar nan da ke rufe ganye kamar an watsa toka, wadda ke tsananta a Agusta da Satumba. In ganye ya mutu da wuri, 'ya'ya ba za su cika ba. Maganinta tun wajen sayen iri yake: nemi wanda aka rubuta yana jure ta.

Yadda za ka taimaka mata ta yi sauri

Wanda ya makara ba shi da kwanan ɓatarwa. Ga abin da nake yi yanzu.

Wuri: inda rana ke duka aƙalla awa shida zuwa takwas, ba kwari ba, ba ƙarƙashin bishiya ba.

Shuka: in tara ƙasa in yi ɗan tudu, in gauraya da ruɓaɓɓen taki, in sa ƙwaya huɗu ko biyar, zurfin santimita 2 zuwa 3. In sun yi ganye na gaske, in bar biyu masu ƙarfi, sauran in yanke su da almakashi. Kar a tuge, don kar a girgiza saiwar na kusa.

Dashe: in filin bai samu ba tukuna, reni irin a ƙananan tukwane, ka dasa bayan mako biyu zuwa uku. Kar ya wuce haka, kuma a dasa da ƙasarsa gaba ɗaya. Kabewa ba ta son a taɓa mata saiwa. In ta ji jiki wajen dashe, kwanakin da ka ci riba a nan za su zube. Akan samu renannu a shagunan kayan lambu ma.

Ruwa: wajen santimita biyu da rabi a mako, a gindi, da safe. Jiƙa ganye da yamma gayyatar cuta ne.

Taki: a farko mai sa ganye. Da ta fara fure a rage shi, in ba haka ba ta yi ta yaɗo ta manta da 'ya'ya.

Baƙar leda: wasu na shimfiɗa ta a kan kunya, tana riƙe ɗumi ta hana ciyawa.

Fure, da ranar yanke ƙauna

Kabewa tana fure iri biyu a jiki ɗaya. Namiji ke fara fitowa, da siririn kara, ya buɗe ya faɗi. Kar hankalinka ya tashi, haka yake. Bayan kamar mako guda ko biyu mace ke biyowa, ana gane ta da ɗan ƙullutu a gindin furen, shi ne kabewar. Furen safiya ɗaya yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. In ƙudan zuma ba su kai masa garin namijin ba a wannan safiya, ƙullutun zai yi rawaya ya faɗi. Mai shukar makara ba ya jiran sa'a. Da sassafe ka tsinko namiji, ka cire masa ganyen furen, ka shafa tsakiyarsa a tsakiyar macen. Minti ɗaya ne.

Daga ranar da ta kama zuwa nuna kwana 45 zuwa 55 ne. Sai a sake ƙirga baya. In raɓa 15 ga Oktoba ce, kabewar da za a ci moriyarta sai wadda ta kama tsakanin 21 zuwa 31 ga Agusta, ko kafin nan. Duk furen da ya fito a Satumba, tsinke shi. Ka bar biyu ko uku a kowane gindi, ka yanke kan yaɗon bayan ta ƙarshe. Na san da ciwo, mutum ya ga 'yar kabewa kyakkyawa ya cire ta da hannunsa. Amma in ka bar ta, ita ba za ta nuna ba, kuma ta tauye 'yan uwanta.

Daren da sanyi zai sauka

Daga ƙarshen Satumba, duba hasashen yanayi kullum da yamma. Daren haɗari shi ne wanda sama ta washe, taurari fes, iska ta tsaya cik. Gajimare kamar bargo yake, yana riƙe ɗumin ƙasa. Kuma kar ka jira sai an ce digiri 0. Ana auna zafin iska ne sama da ƙasa da kamar tsayin mutum, a can ƙasa inda ganyen yake ya fi sanyi. In an ce digiri 2 ko 3, wato 36 zuwa 37 a Faranhait, ka shirya.

Kafin faɗuwar rana ka lulluɓe ta da tsohon zanin gado ko bargo, ka danne gefe da duwatsu don ɗumin ƙasa ya zauna ciki. In leda ce, kar ta taɓa ganye. Da safe ka yaye. Sau da yawa bayan raɓar farko akan samu mako ɗaya ko biyu na ɗumi, wanda ya tsallake dare ɗaya ko biyun nan ya ci ribarsu. Amma in an yi hasashen sanyi mai tsanani, bargo ba zai yi ba. Girbe duka a ranar.

Girbi da ajiya

Alamar ta ƙosa: launinta ya cika, ɓawon ya yi tauri har farce ba ya shiga, karan da ke kanta ya bushe ya yi ƙarfi. Yanke da wuƙa, ka bar guntun kara santimita 7 zuwa 10. Kar ka ɗauke ta da shi, in ya ɓalle ta nan ruɓa ke shiga. Ka ajiye ta wuri mai ɗumi, digiri 27 zuwa 29, kwana goma, ɓawon ya ƙara tauri, ƙananan raunuka su warke. Daga nan sai wuri mai sanyi-sanyi mara damshi, digiri 10 zuwa 13, a kan katako ko kwali, ba a kan siminti ba, kar kuma su jingina da juna. A haka takan yi wata biyu zuwa uku.

Wadda ta fara juyawa amma ba ta gama ba, shigo da ita ka ajiye kusa da taga mai rana, tana iya ƙarasawa. Wadda take kore shar da ɓawo mai laushi ba za ta nuna ba, a dafa ta da wuri. Wata shawara kuma ga masu neman taushe: manyan nan na sassaƙawa ruwa ne da zare, ba su da garɗi. A bakina, ƙananan na ci da wadda suke kira batanot mai dogon wuya su suka fi kusa da kabewar gida.

Mu da ke Kudu fa?

Raɓa ba ta daskarewa a Ibadan ko Legas, wannan kowa ya sani. Amma lissafin yana da amfani a nan ma, don mu ma muna da ranar da ke yanke wa shuka hukunci, wato ɗaukewar ruwa. A ƙasar Yarabawa damina kashi biyu ce: ruwa yakan ɗan tsagaita wajen Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, ya ja baya a Nuwamba. Wanda ke da ɗan fili a bayan gida yana son shuka kabewa, wadda Yarabawa ke kira elegede, a wannan zango na biyu, sai ya duba ranar ɗaukewar ruwa ta yankinsa a hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara, ya ƙirga baya. Bambancin shi ne, mu in ruwa ya ɗauke muna iya ban ruwa, kuma bushewar iska a lokacin nuna alheri ce ga kabewa. Su kuwa can, in sanyi ya sauka babu roƙo.

A shekara ta biyu na shuka mai kwana 100 ranar 18 ga Yuni. Na girbe a makon farko na Oktoba, ganye na nan da ransa, kuma har cikin Disamba muna shan taushe. In kuna da ɗan uwa a can da ke shirin shuka, ku ce ya nemo ranar raɓar garinsu, ya duba bayan fakiti, ya ƙara 14, kafin ya taɓa ƙasa. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, amin.